Fosfet Da Rodi: Yadda Ake Kare Ƙarfen Cikin Kankare Daga Cin Gishiri

Bara, wajen ƙarshen damina, aka kira ni in duba wani siton takin zamani a wani ƙauyen fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ginin bai cika shekara goma ba, amma gindin filoli huɗu ya tsage a tsaye, wani jan ruwa kamar shayi yana tsattsafowa daga tsagar. Ina buga guduma sai kankaren ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, rodin ciki ya zubo gari-gari. Dattijon birkilan da ya yi aikin yana tsaye gefe, ransa a ɓace.

"Injiniya, mi yac ci rodin ga? Wallahi ban rage siminti ba."

Na ce, "Baba, na yarda ba ka rage ba. Dubi abin da ke jingine da filar."

Buhunan taki ne, NPK da fotash, an jibge su a ƙasa ba ko katako. Takin fotash da ake kira MOP gishiri ne, potasiyam kuloraid, kuma kusan rabin nauyinsa kuloraid ne zalla. Yana jawo raɓa daga iska, ya narke, daɓe ya sha, fila ta sha. Mai siton ya taɓa jin cewa fosfet na kare ƙarfe, don haka shawararsa ita ce a aika Dange ta ƙasar Sakkwato a kwaso duwatsun fosfet, a niƙa, a zuba a kwaɓin gyara. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Abin da ke faruwa a jikin rodi

Rodin da ke cikin lafiyayyen kankare ba ya tsatsa, ko da akwai danshi. Ruwan da ke cikin ƙananan ƙofofin kankare ɗan'uwan ruwan toka ne, har ya fi shi kaifi: a ma'aunin pH yana tsakanin 12.5 da 13.5. A cikin irin wannan ruwa ƙarfe kan yi wa kansa wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ita ce rigarsa. Kuloraid ba ya yage rigar gaba ɗaya. Huda ta yake yi a wuri guda, ya shiga ya yi rami, ramin ya yi ta zurfi yayin da sauran rodin ke nan sumul. Tsatsar da ke fitowa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu zuwa shida, kuma kankare ba ya jure turi daga ciki, sai ya tsage. Tsagar kuma ta zama ƙofar sabon ruwa.

Mu nan Kebbi mun yi nesa da teku, shi ya sa magina da yawa ke ɗaukar wannan a matsayin ciwon mutanen Legas da Fatakwal. Amma gishiri bai taɓa yin nisa da mu ba. Daga Kamba in ka tsallaka iyaka ta wajen Gaya, ga kwarin Foga inda aka daɗe ana dafa gishiri daga ƙasa. Akwai rijiyoyin zartsi a garuruwanmu. Akwai siton taki, wurin shanya fatun da aka barbaɗa wa gishiri, shagon ’yan gishiri a kasuwa, dekin banɗakin da fitsari ke jiƙawa kullum. Akwai kuma maganin saurin daskarewa na kalsiyam kuloraid da wasu ke zubawa don a cire katako da wuri, wanda bai kamata ya kusanci kankare mai rodi ba ko kaɗan.

Fosfet kuwa aikinsa a fatar ƙarfen yake. Idan narkakkensa ya kai jikin rodi, yakan haɗu da ƙarfen ya kwanta a matsayin wani shafi marar narkewa, ya toshe wuraren da rigar ta yi rauni, ya kuma yi gogayya da kuloraid wajen neman wurin zama. Masu bincike a Ajantina sun ga ramukan sun daina buɗewa a lokacin da yawan fosfet a cikin ruwan gwaji ya yi daidai da na kuloraid. Riƙe kalmomi biyu a nan: narkakke, da jikin rodi. Duk abin da zai biyo baya a kansu ya rataya.

Mataki na farko: nemo inda gishirin ke fitowa

Kafin ka sayi ko giram ɗaya na fosfet, yi lissafi. Ƙa'idar Turai ta EN 206 ta ɗora iyakar kuloraid a kankare mai rodi a kan kashi 0.4 cikin 100 na nauyin siminti, in an tsananta kuma 0.2. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan giram 200 shi ne makura a kowane buhu, an haɗa na ruwa, na yashi, na tsakuwa da na simintin kansa.

Fara da ruwa. Harshe ma'auni ne mai kyau: mutum kan fara jin ɗanɗanon gishiri a wajen miligiram 250 a lita. In ka kurɓa ka ji zartsi, ka san an wuce nan. Ƙa'idar EN 1008 ta yarda da ruwan kwaɓi har miligiram 1,000 a lita ga kankare mai rodi. ’Yar na'urar TDS da masu fiya-wata ke amfani da ita ba kuloraid kaɗai take aunawa ba, duk abin da ya narke take haɗawa, amma tana da amfani ta hanya ɗaya: in ta nuna 400, kuloraid ba zai wuce 400 ba, hankalinka ya kwanta. In ta nuna sama da 1,500, ɗebi kwalba ka kai a auna.

Yashi ya fi ruwa haɗari, kuma shi aka fi mantawa. Lita 25 na ruwa mai miligiram 1,000 giram 25 kawai za ta kawo. Amma kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana cin yashi fiye da kilo 100 a kowane buhu, in yashin na ɗauke da kashi 0.1 cikin 100, giram 100 ke nan, rabin kasonka ya tafi tun ba a ɗora kwanon sarki a kai ba. Yashin da aka kwaso daga busasshen fili mai farin ɓawo a sama a watan Maris abin zargi ne. Zuba kofi ɗaya a kwalba da ruwa mai tsabta kofi biyu, girgiza, bari ya kwanta, ka gwada ruwan da na'urar ka kwatanta da ruwan da ka fara da shi. In ya yi tsalle, ko dai a wanke yashin ko a canja rami. Don awon da za a rubuta a takarda, tuntuɓi sashen injiniyan gine-gine ko na kimiyyar sinadarai a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero.

Mataki na biyu: san irin fosfet ɗin da ke hannunka

A nan gizo ke saƙar, don abubuwa da yawa suna amsa sunan.

Dutsen fosfet na ƙasar Sakkwato gaskiya ne. Ana tsintarsa dunƙule-dunƙule a cikin laka mai launin toka a yankin Dange da Shuni, a ƙarƙashin farar ƙasar da masana'antar siminti ta Kalambaina ke haƙa irinta, kuma akwai ɗan'uwansa a Tawa ta Nijar. Ma'adinin cikinsa afatait ne, dangin abin da aka gina ƙashi da haƙori da shi. Matsalarsa ita ce taurin kai. Manomi ya san garin dutsen nan ba ya ciyar da shuka sai a ƙasa mai tsami, don tsami ne ke narkar da shi. Kankare kuwa kishiyar tsami ne. In ka zuba garin a kwaɓi, zai zauna kamar kowane ƙura, ba zai saki fosfet ɗin da zai isa rodi ba. Gaskiya ne afatait na iya karɓar kuloraid a cikin gininsa, kuma ana gwada tataccensa a ɗakunan bincike don wannan dalili, amma tsakanin tataccen gari da abin da za ka kwaso daga rami akwai tafiya. Na ramin yana zuwa da laka, wadda ke raunana kankare, da jifsam, wanda in ya yi yawa ke kumbura shi.

Takin sufa, wato SSP, ya fi wannan muni. Ana yin sa ne ta hanyar zuba wa dutsen fosfet asid, don haka yana da tsami, kuma kaso mai yawa na buhun jifsam ne. Duk wanda ya ce maka a zuba sufa a kankare, gyaran gangar Auzinawa zai yi maka.

Waɗanda ke aiki su ne waɗanda aka riga aka sarrafa daga dutsen. Akwai tirisodiyam fosfet, farin gari da ake rubuta wa TSP a buhu (ba takin zamanin da shi ma ake kira TSP ba), ana samunsa wajen masu sayar da sinadaran sabulu da wanke-wanke. Akwai asid na fosforik, shi ne jigon yawancin ruwan kashe tsatsa da masu fentin mota ke shafawa. Akwai MFP, sodiyam monofulorofosfet, wanda in ka juya kwalin wasu man goge baki za ka ga sunansa. Sai simintin magnisiyam fosfet na gyaran gaggawa. Kowanne da wurinsa.

Mataki na uku: jiƙa rodi kafin a ɗaure

Me ya sa ba za a zuba TSP a ruwan kwaɓi a huta ba? Domin siminti cike yake da kalsiyam, kuma fosfet da kalsiyam ba sa haɗuwa su rabu. Suna gamuwa sai su daskare su zama gari marar narkewa, fosfet ɗin ya ƙare a hanya bai kai ga rodi ba. Garin kuma yakan lulluɓe ƙwayoyin siminti ya hana su shan ruwa, kankare ya ƙi kamawa a kan lokaci. Shi ya sa EN 1008 ɗin nan ta sa fosfet a layi ɗaya da sukari, ta ce kada ya wuce miligiram 100 a litar ruwan kwaɓi sai an gwada an ga bai taɓa daskarewa da ƙarfi ba. Duk birkila ya san abin da sukari ke yi wa siminti. A ganina, ga ƙaramin aiki da ba shi da ɗakin gwaji a bayansa, hanyar da ta fi aminci ita ce a kai fosfet ɗin kai tsaye ga ƙarfen.

A yanka rodi a lanƙwasa shi tukuna, don lanƙwasawa bayan jiƙo na fasa shafin a daidai gwiwa. A kankare ɓawon tsatsa da buroshin ƙarfe. Jan ƙura na sama-sama ba laifi ba ne, amma duk abin da farce zai ɓantare sai ya fita. In akwai baƙin mai ko gas a jiki, a wanke da omo a ɗauraye, don fosfet ba ya kama ƙarfe mai maiƙo.

Wurin jiƙo ba ya bukatar kuɗi: a jera bulo layi biyu tsawon rodi mafi tsawo, a shimfiɗa leda mai kauri ninki biyu, an sami kwami. A narka TSP giram 50 a kowace lita ta ruwa marar zartsi, wato kilo 10 a durom mai lita 200. A nutsar da rodin duka, a rufe da buhuna saboda rana, a bar shi kwana biyu zuwa uku. A ciro, a jingine a inuwa a kan katako ya bushe da kansa. Kada a ɗauraye, kada a ajiye a ƙasa, kada ruwan sama ya doke shi, kuma a zuba kankare cikin ’yan kwanaki. Wayar ɗauri ma a jefa ta cikin kwamin, don ita ta fi kusa da waje kuma ita ke fara ja.

Ruwan TSP yana cin hannu kamar soda. Safar roba da tabarau dole ne, yaran lebura kuma a gaya musu da baki, kada a ɗauka sun sani. In an gama, kada a malalar da ragowar a kwata mai gangarawa gulbi ko fadama, don fosfet taki ne, yana sa gansakuka ta rufe ruwa kifi ya rasa iska. Mu da muke tinƙaho da Matan Fada bai kamace mu ba. A bar shi ya ƙafe a cikin ledar, a tattara busasshen.

In rodin ya riga ya yi tsatsa sosai a wurin mai sayarwa, ruwan kashe tsatsa na fosforik zai fi dacewa. A goge, a shafa siriri da buroshi bisa umarnin da ke jikin galan, a jira ya koma baƙi ko toka-toka. Amma nan akwai tarko: wannan asid ne, kuma ragowarsa a jikin rodi zai kashe kaifin kankaren da ke kewaye, wato ainihin abin da ke kare ƙarfen. Sai an wanke shi tas, an goge farin garin da ya rage, sannan a bi da ruwan siminti. A guji irin wanda ke barin santsi kamar fenti, don rodin da kankare bai riƙe ba ba shi da amfani. In za a tsarma, asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba.

Mataki na huɗu: kankaren da zai rufa masa asiri

Shafin fosfet siriri ne ƙwarai. Jinkiri yake sayo maka, ba ya hana kuloraid tafiya. Abin da ke tsayar da kuloraid shi ne kauri da matsewar kankaren da ke tsakanin rodi da waje. Na sha ganin an kashe kuɗi a magani an bar rodi kwance a kan katako.

A sa biskit na siminti, wato ƙananan dunƙulen da ke raba rodi da katako, a ƙarƙashi da gefe: milimita 25 a cikin ɗaki busasshe, 40 zuwa 50 a inda gishiri ko danshi ke kaiwa, 75 in kankaren a kan ƙasa tsirara za a zuba. Biskit ɗin a yi shi da kwaɓi mai ƙarfi, ba gutsuren bulo ba. Ruwa kada ya wuce lita 22 zuwa 25 a buhu, har da wanda yashi ya zo da shi. Na san lebura sun fi son kwaɓi mai gudu kamar kunu, amma kowace ƙarin lita hanya ce ake share wa gishiri. A sa injin girgiza, in babu a soka da sanda sosai. Sannan ban ruwa kwana bakwai aƙalla, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. A zafin Afrilu, da rana ke haura digiri 40, ko a hunturu mai busar da leɓe, fatar kankare kan bushe cikin sa'o'i, kuma wannan fatar ita ce katangar rodin. Ruwan ban ruwan ma kada ya zama na zartsi.

Mataki na biyar: gwada da hannunka

Kada ka yarda da ni ko da mai sayar da sinadari. Nemi gwangwanayen madara manya guda shida. Yanka guntayen rodi shida daga sanda ɗaya, jiƙa uku, bar uku, ka sa alama. Tsayar da kowanne a tsakiyar gwangwani ba tare da ya taɓa gindi ba, cika da kwaɓin da za ka yi aiki da shi. Washegari yanke gwangwanin, ka yi ban ruwa kwana 28. Shafa fenti a kan rodin da ya leƙo waje. Daga nan sai ruwan gishiri, giram 35 a lita, kwatankwacin na teku: kwana uku a ciki zuwa rabin tsayi, kwana huɗu a rana, haka kowane mako. Bayan wata uku fasa ɗaya daga kowane ɓangare, bayan shida fasa na biyu, na ukun ka bar su shekara. In babban aiki ne kuma injiniya ya nace a zuba fosfet a cikin kwaɓi, sai an yi kiyub, wato dunƙulen kankare na gwaji, an matse a kwana 7 da 28 an kwatanta da wanda ba a sa wa komai ba.

Mataki na shida: in ginin ya riga ya kamu

A fara da tokara. Ba a sassaƙe fila ko bim mai ɗauke da kaya sai an kafa mata madogara, kuma wannan hukuncin injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya, ne, ba na mai gida ba.

A bi jikin ginin da guduma. Lafiyayyen wuri na amsawa da ƙara mai kauri, wanda ya rabu daga ciki kuwa kamar ƙwarya. Don sanin zurfin da gishiri ya kai, a ɓantari sabon gutsure a fesa masa ruwan silba naitiret: inda kuloraid ya isa zai yi fari, inda bai kai ba ya yi ruwan ƙasa. Masu kayan aiki kan auna wutar jikin rodi bisa ƙa'idar ASTM C876, inda awon da ya faɗi ƙasa da milibolt 350 a ɓangaren ragi ke nuna kusan tabbas tsatsa na ci.

A sassaƙe har bayan rodi, yadda yatsu za su zagaya shi, a ci gaba ta tsawonsa har a iske ƙarfe mai tsabta. Wannan wurin ne ake ha'inci. In aka bar kankare mai gishiri manne da bayan rodin, ko aka tsaya daidai bakin tsaga, tsatsar kan yi ƙaura zuwa gefen facin, bayan damina biyu a ga sabuwar tsaga ta zagaye gyaran kamar zobe. A goge rodin har ya yi haske, a wanke ramukan da ruwa mai tsabta don gishiri a cikinsu yake ɓuya. In ya sirance a fili, a ƙara sabo a gefensa. Sannan a shafa ruwan TSP sau biyu ko uku, ana bari yana shanyewa, a cike da kwaɓi mai ƙarfi.

Sauran jikin da bai tsage ba shi ne wurin MFP. Ba a sa shi a kwaɓi, a kan busasshen kankare ake shafa ruwansa, bayan an kankare fenti da filasta, shafi bayan shafi don ya tsuma ya gangara zuwa rodi. Ya fi shiga tsohon kankaren da iska ta riga ta rage wa kaifi. A matsattsen kankare mai kauri sau da yawa kalsiyam kan tare shi a hanya, kuma inda gishiri ya riga ya yi yawa ba ya tayar da abin da ya mutu. In ɗan kwangila ya ce ya shafa, a huda a ɗebi gari daga zurfin rodi a kai a auna ko ya isa.

Simintin magnisiyam fosfet kuwa na ƙananan faci ne masu gaggawa, irin bakin kwalbati ko daɓen da mota za ta taka gobe. Yana manne wa ƙarfe da tsohon kankare sosai, amma cikin mintuna yake kamawa, a zafinmu ma ya fi haka sauri. A kwaɓa kaɗan-kaɗan da sassafe da ruwa mai sanyi, kada a gauraya shi da simintin gini, kada kuma a sa masa tsakuwar farar ƙasa, don tsaminsa na farko yana tafasa da ita ya bar kumfa a ciki.

A siton can, filoli biyu sai da aka ƙara musu rodi, biyu gogewa ta ishe su. Mun ɗaga gindin kowacce da kankare mai kaurin milimita 50 har tsayin gwiwa, muka shafa kwalta a kai. Buhunan taki yanzu a kan katako suke, taku guda tsakaninsu da bango, da leda a ƙarƙashi. Baba birkila ya karɓi gwangwanayen gwajin ya ajiye a bayan ɗakinsa, shi ke tsoma su yana cirewa duk mako. Ya ce na ukun ba mai fasa su sai yana wurin.